Yadda Za Ka Canja Filtar Man Gas a Hilux da Kanka, da Taimakon da Wayarka Za Ta Yi Maka

A daminar bara kawuna ya ba ni Hilux ɗinsa in kai masa buhunan taki gona. Tun kafin in bar gari wata 'yar fitila a dashbod take ta ƙiftawa, ni kuwa na ɗauka irin fitilun nan ne da tsofaffin motoci ke kunnawa don son ransu. Muna fara hawan wani tudu motar ta fara shaƙewa, ina taka totur tana ja da baya kamar an riƙe mata wuya, daga ƙarshe ta mutu murus a gefen titi. Bakaniken da ya zo bai yi minti goma ba ya murza wani ɗan abu a gindin filta, sai ga ruwa yana tsiyayowa cikin gorar da ya tara. Ya dube ni ya ce, "Malam, ai motar ta gaya maka tun a gida, kai ne ba ka ji ba."

Maganar ta yi mini zafi, domin aikina kenan kullum: manhaja ta fitar da saƙon kuskure, in karanta, in gyara. Ga mota ta fitar da nata na yi biris da shi. Daga ranar na zauna na koyi yadda abin yake, kuma yanzu ni nake canja wa motar filta. Na ɗauki Hilux misali ne saboda ita na sani, kuma ita ta cika hanyoyinmu daga Kano har Agadas. Amma ka fara tabbatar da taka ta gas ce, don Hilux da yawa a Najeriya masu injin fetur ne na lita 2.7, kuma wannan bayani bai shafe su ba.

Me ya sa ɗan wannan abu yake da muhimmanci haka?

Injin gas ba shi da fulogi. Yana matse iska ne a cikin silinda har ta yi zafi sosai, sannan a fesa mai a ciki ya kama da kansa. Kafin mai ya kama da kyau dole ya fita a tarwatse kamar hazo, shi ya sa ake tura shi da ƙarfi mai yawan gaske ta wasu ƙananan huji da ke bakin injekta. A injinan zamani akwai bututun ƙarfe guda ɗaya da famfo ke tara mai a ciki, dukkan injektoci huɗu su riƙa ɗiba daga gare shi, kwamfutar mota kuma ita ke yanke lokacin da kowacce za ta buɗe. Wannan tsari shi ake kira common rail. Kamfanin Denso na Japan ne ya fara sa shi a manyan motocin Hino a 1995, kuma na Denso ɗin ne a cikin Hilux masu injin 1KD da 2KD da suka fara fitowa wajen 2005, waɗanda ake kira Vigo. A 2015 aka kawo Revo da injin 1GD da 2GD.

Ƙarfin da ke cikin wannan bututu yana iya wuce bar 1,500 idan injin yana aiki da nauyi. Tayar motarka bar biyu da ɗoriya kawai take ɗauka. Don famfo da injekta su riƙe irin wannan ƙarfi ba tare da yoyo ba, an ƙera sassansu a matse ƙwarai, tazarar da ke tsakaninsu 'yan maikiron kaɗan ce. Kaurin gashin kai guda ɗaya ya kai maikiron 70, ka ga kenan ƙurar da idonka ba ya ma gani ta isa ta karce su. Ƙwayar yashi ɗaya da ta shiga a wannan gudu tana goge ƙarfe kamar sanfefa.

Ruwa ya ma fi datti ɓarna. Famfon da injektocin ba su da wani man shafawa na daban, man gas ɗin da ke ratsa su shi ne yake sa su santsi. Ruwa ba shi da wannan santsi, ga shi yana kawo tsatsa idan mota ta kwana biyu a ajiye. To filta aiki biyu take yi: takardar da ke cikinta tana tare datti, kwanon da ke ƙasanta yana tara ruwa. Ruwa ya fi gas nauyi, litar gas ba ta kai giram 850 ba alhali litar ruwa giram 1,000 ce, don haka da kansa yake gangarawa ƙasa ya kwanta.

Idan injekta ta lalace, kuɗin guda ɗaya ya ninka na filta sau da yawa, kuma da wuya ta lalace ita kaɗai tunda mai ɗaya suke sha. Bayan haka, a yawancin waɗannan injina kowace sabuwar injekta tana zuwa da lambar kanta da sai an shigar wa kwamfutar motar da na'ura kafin ta yi aiki daidai. Ba aikin gindin bishiya ba ne.

Ina ruwan yake fitowa? Wani daga tankin gidan mai da ke ƙarƙashin ƙasa, musamman da damina. Wani daga jarkoki da durom na 'yan bumburutu, waɗanda ake barin su a buɗe. Wani kuma tankin motarka ne yake haifar da shi: idan rabinsa iska ce, da rana ta ɗumi da dare ta huce, sai raɓa ta taru a jikin bangon tankin ta gangara cikin mai. Wanda ke yawan tafiya da mai kwata ya fi wanda ke cika tanki tara ruwa.

Fitila ɗaya, saƙo biyu

Wannan shi ne abin da ban sani ba ranar da na tsaya a hanya. A Vigo fitilar filta tana magana iri biyu. Idan tana ƙiftawa, ruwa ne ya taru a kwano ya kai iyaka, a zubar da shi. Idan ta kunnu ta tsaya cak ba ƙiftawa, mai ba ya wucewa yadda ya kamata, kuma galibi filtar ce ta toshe, a canja ta.

Na'urori biyu ne ke aiko da saƙon, kuma dabarar ta burge ni. Na ƙasa wani ɗan abu ne mai shawagi da aka auna nauyinsa ta yadda zai nutse a cikin gas amma ya taso a kan ruwa. Ruwa yana ƙaruwa yana ɗaga shi, har ya kai inda maganaɗisun da ke jikinsa zai haɗa wani ɗan makunni. Na sama kuwa yana jin yadda famfo ke wahalar zuƙo mai. Ka tuna yadda kake shan kunun aya mai kauri da tsinken roba har ya lotse, haka layin mai yake yi idan takardar filta ta cika da datti.

Ko fitila ba ta kunnu ba, mota tana nuna alamu. Za ta yi lafiya a cikin gari amma ta rasa ƙarfi a kan tudu ko wajen wuce wata mota, domin a lokacin ne injin ya fi buƙatar mai. Tana iya daɗewa kafin ta tashi da safe, ko ta riƙa karkarwa idan tana tsaye.

Inda waya take shigowa

A ƙarƙashin sitiyari akwai wata kafa mai huji 16 da ake kira OBD2. Akwai 'yar na'ura mai araha, ELM327, da ake cusawa a nan ta haɗu da waya ta Bluetooth. Ka sauke manhaja irin Torque ko Car Scanner, ka murza makulli, sai ka ga lambobin kuskuren da kwamfutar motar ta ajiye. Wadda ta fi alaƙa da zancenmu ita ce P0087, ma'anarta ƙarfin mai a bututu ya yi ƙasa da abin da kwamfuta ta nema.

Amma kar ka ɗauki lambar a matsayin hukunci. P0087 ta faɗi abin da ya faru ne kawai, ba ta faɗi wanda ya jawo shi ba. Filta toshasshiya tana kawo ta, iska da ke shiga ta tsagaggen tiyo tana kawo ta, haka ma wani ƙaramin bawul da ke jikin famfon Denso mai suna SCV idan ya fara maƙalewa. A rubutun manhaja idan abu ya ɓaci ana fara duba mafi sauƙi da araha ne kafin a tone komai, a nan ma haka: filta tukuna. Na ga mutumin da aka sa ya sayi famfo sukutum alhali filtarsa ta shekara biyu ba a taɓa ta ba.

Wasu tsofaffin Hilux na gas da aka sayar a Afirka da Asiya ba sa amsa wa manhajojin gama-gari yadda ya kamata, sai an sauya saitin haɗi ko an koma ga Techstream, manhajar Toyota ta kwamfuta. Idan taka ta ƙi haɗuwa ba lallai na'urar ce ta lalace ba. Kuma idan ka gama ka zare ta, domin kafar tana da wuta ko mota a kashe take, mota ta yi sati a ajiye da ita a ciki kana iya tarar da batir ya yi sanyi.

Amfanin waya mafi girma dai a wurina shi ne kyamara. Kafin ka taɓa komai ka ɗauki hoton filtar ta sama da ta gefe, yadda tiyoyi da wayoyi za su fito sarai. Idan ka zo mayarwa kuma hannunka duk gas, hoton ne zai raba gardama.

Zubar da ruwa, idan fitila ƙiftawa take

Buɗe bonet. Za ka ga filtar a gefen injin, wani baƙin kwano mai tiyoyi a kansa da wani maɓalli mai faɗi a sama da ake dannawa da tafin hannu. Wannan maɓalli famfon hannu ne. A ƙasan kwanon akwai ɗan murfin zubar da ruwa. Kashe mota, tara gora mai haske da ka yanke wa kai a ƙarƙashi, ka warware murfin zagaye biyu zuwa biyu da rabi. Kar ka wuce haka, in ba haka ba ruwan zai riƙa fita ta gefe ya jiƙa ko'ina. Ka riƙa danna famfon har ka ga gas zalla yana fitowa, sannan ka ɗaure murfin da hannu. Kar ka sa filaya, roba ce, tana fashewa.

Ka bar gorar ta ɗan zauna ka duba. Layin da ya raba ruwa da gas zai fito fili. Idan bayan kwana biyu fitilar ta dawo, ruwan yana cikin tanki da yawa, kuma ya kamata ka tuna inda ka sha mai na ƙarshe.

Canja filtar

Ka sayi filtar kafin ka kwance komai. Ta Vigo da ta Revo ba ɗaya ba ce, ko da mai shago ya ce maka duk Hilux ne. Ka je da lambar shasi ko da hoton tsohon kwalin. Sabuwa ta kirki tana zuwa da robar zobe a cikin kwali. Jabu sun yi yawa a kasuwa, kwalin ya yi kyau amma takardar ciki sakwa-sakwa, kuma filtar jabu ta fi toshasshiya haɗari, domin toshasshiya tana hana mai wucewa ka sani, jabu kuwa tana barin datti ya wuce shiru. Idan farashin ya yi arha fiye da hankali ka bar ta.

Kayan aiki kaɗan ne: filaya don matse ƙarfen da ke riƙe tiyo, tsumma mai tsabta marar zare, kwanon tara mai, safar hannu, da leda. Ka nemi wuri mai inuwa inda iska ba ta kaɗo ƙura, kar ka yi aikin nan ranar da hazon hunturu ya sauko. Injin ya huce, makulli yana aljihunka, kuma ba mai shan taba a kusa.

Fara da goge saman filtar da kewayenta sosai. Mutane suna raina wannan mataki, alhali a nan ake yin ɓarnar. Duk ƙurar da ta faɗa ɓangaren da mai ke fita bayan an tace shi, kai tsaye za ta tafi famfo, ba wani mai tare ta a gaba.

Cire soket biyu na waya, na sama da na ƙasa, ta hanyar danna ɗan harshen da ke jikinsu. Kar ka ja wayar kanta. Zubar da man da ke cikin kwanon ta murfin ƙasa kamar yadda na faɗa. Sannan ka matse ƙarfen tiyoyi ka ja su baya, ka murɗa tiyon a hankali ya fita, ka rufe bakin kowanne da leda mai tsabta. A Vigo wani babban zobe ne na roba mai kauri yake ɗaure murfin da kwanon. Kafin ka warware shi ka lura da alamar da ke nuna inda yake tsayawa, ka ɗauke ta a hoto. A Revo kusoshi ne ke riƙe murfin maimakon zobe. Tsofaffi masu injin 5L kuwa filtar gwangwanin ƙarfe ce da ake warwarewa gaba ɗaya, sai a cire na'urar ruwa daga gindin tsohuwar a mayar da ita jikin sabuwar.

Ɗaga murfin, zaro tsohuwar filtar. Idan ta yi baƙi ƙirin ko tana da wani yauƙi kamar majina, ta yi aikinta. Yauƙin nan ƙwayoyin halitta ne da ke rayuwa a iyakar ruwa da gas, alamar ruwa ya daɗe a ciki. Zubar da ragowar da ke kwanon ka goge cikinsa, ka taɓa ɗan abin shawagin ka tabbatar yana hawa yana sauka ba tare da maƙalewa ba.

Cire tsohuwar robar zobe ka jefar, ko da ta yi maka kyau a ido. Shafa wa sabuwar ɗan gas mai tsabta ka zaunar da ita a gurbinta ba tare da ta murɗe ba. Saka sabuwar filtar ta zauna daram, mayar da murfi, ɗaure zoben har alamar ta koma inda take a hoto. Mayar da tiyoyi kowanne a bakinsa, da ƙarafensu, da soket ɗin ƙasa. Ka tabbatar murfin zubar da ruwa a ɗaure yake.

Akwai al'adu biyu na gareji da ban yarda da su ba. Na farko, cika kwanon da gas daga jarka kafin a rufe don mota ta yi saurin tashi. A tsohon injin ana tsira da haka, amma a common rail kana iya zuba man da ba a tace ba a ɓangaren da ya kamata ya zama tsarkakakke. Na biyu, wanke tsohuwar filta da fetur ko hura mata iska a mayar. Iskar tana yaga takardar ne, mota ta dawo da ƙarfinta kowa ya yi murna, injekta kuma ta fara mutuwa a hankali.

Fitar da iska

Yanzu kwanon cike yake da iska, kuma injin gas ba ya tashi da iska a layi, domin iska tana matsuwa, famfo ba zai iya tara ƙarfi ba. Abin da aka sa famfon hannu domin shi kenan. Ka riƙa dannawa kana saki. Da farko zai yi laushi kamar ba ya komai, ka ci gaba, yana iya kai sau talatin ko fiye. Sannu a hankali zai fara tauri, har ya kai sai ka sa ƙarfi kafin ya shiga. Nan ne mai ya cika.

Idan ka danna har hannu ya gaji bai yi tauri ba, iska tana shiga ta wani wuri. Galibi robar zoben ce ta goce, ko tiyo bai shige sosai ba, ko an juya tiyoyin. Koma ga hoton.

Tayar da motar. Kar ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15 a jere, don kik yana zafi, kuma famfon yana juyawa ne a bushe idan mai bai iso ba. In ta ƙi, ka koma ka ƙara danna famfon hannu ka sake gwadawa. In ta tashi tana ɗan karkarwa, bar ta, za ta daidaita cikin ɗan lokaci. Ka haska fitilar waya kewaye da filtar ka nemi yoyo.

Gargaɗi ɗaya da ba na wasa ba: kar ka taɓa bututun ƙarfe da ke zuwa injekta, kar kuma ka bar wani ya sassauta su wai don fitar da iska kamar yadda ake yi wa tsofaffin injina. Man da ke fita da irin wannan ƙarfi yana huda fata ya shige cikin nama. Raunin yana kama da tsirar allura a waje, amma yana iya kaiwa ga yanke yatsa idan ba a yi tiyata da wuri ba. Kar ka nemi yoyo da hannu a wannan ɓangaren.

Fitilar da ta ƙi mutuwa

Da yawa suna canja filta su ga fitilar tana nan, sai su ɗauka sun yi kuskure. Ba su yi ba. Saƙon toshewa ajiye shi ake yi, ba ya gogewa da kansa don an sa sabuwar filta, kamar dai sanarwar da ke maƙale a saman allon waya har sai ka share ta. A Vigo ga yadda ake yi: mota a kashe, cire soket ɗin saman filta, murza makulli fitilun dashbod su kawo ba tare da ka tayar da injin ba, jira 'yan daƙiƙu, sannan ka mayar da soket ɗin kafin minti ɗaya ya cika. Bayan ɗan lokaci kaɗan fitilar za ta mutu. Idan ba ta mutu ba ka kashe ka sake daga farko, galibi lokacin ne aka wuce.

Lambar P0087 kuwa da manhajar waya ake goge ta. Bayan ka goge ka fita da motar ka hau tudu da ita, ko ka taka ta sosai a kan titi mai kyau, ka sake dubawa. Idan manhajarka tana nuna ƙarfin mai kai tsaye, ka ba wani ya riƙe wayar ya duba ko lambar tana hawa da sauri idan ka taka, kai kuma idonka a kan hanya. Lambar kuskuren ta dawo duk da sabuwar filta? To lokacin zuwa wurin masu gyaran famfo da injekta ya yi, kuma ka je da hoton allon wayarka don kar a fara da canke.

Game da tsawon lokacin canji, littafin motarka shi ne gaba, amma an rubuta shi ne da tunanin mai mai tsabta. Ni a motar kawu ina canjawa duk kilomita 20,000, ina zubar da ruwa duk lokacin da aka yi juyen baƙin mai, kuma akwai filta guda a kwalinta a bayan kujera don tafiyar nesa. Bayan kowane canji ina ɗaukar hoton mitar kilomita tare da kwalin sabuwar filtar, in tura wa kawu a WhatsApp, ta haka kwanan wata da lambar suna wuri ɗaya. Gas ɗin da ka tara a kwano kuma kar ka zuba a kwata ko ka mayar tanki, ka juye shi a jarka ka kai wa mai gareji, suna wanke kayan ƙarfe da shi.